RUDY GOBERT: MUTUMIN DA MUKA FI SANI DA MAKIRUFO

Shekaranjiya da daddare a majalisarmu gardamar ƙwallo ta kaure kamar kullum. Daga Arsenal aka koma Madrid, daga nan ban san yadda aka yi ba muka tsinci kanmu a ƙwallon kwando. Wani ƙanenmu da ke bibiyar gasar NBA ta Amurka a waya ya ce yanzu Faransawa sun cika gasar, ya fara lissafo su ɗaya bayan ɗaya. Yana zuwa kan Rudy Gobert sai wani abokina ya katse shi: "Wa? Ba dogon nan mai korona ba, wanda ya bi makirufo yana shafawa?" Aka kwashe da dariya aka wuce. Ni ma na yi dariyar, amma har na koma gida maganar tana cina.

Abokin nan nawa bai taɓa zama ya kalli wasan ƙwallon kwando daga farko har ƙarshe ba. Bai san ƙungiyar da mutumin yake buga wa ba. Amma ya san abin da ya aikata cikin 'yan daƙiƙu a watan Maris na 2020. Kuma na tabbata da yawa cikin masu karanta wannan rubutu haka suke. Shi ya sa na ce bari in ɗan ja ku da nisa yau, ku yi haƙuri da tsawon.

Da farko dai sunan. Faransawa ba sa furta harafin ƙarshen, "Gober" suke cewa. Kada Gobirawa su ce ɗansu ne, ba ruwanku.

An haife shi ranar 26 ga Yuni 1992 a Saint-Quentin, wani gari a arewacin Faransa. Mahaifinsa, Rudy Bourgarel, ɗan tsibirin Guadeloupe ne, shi ma ya buga wa Faransa ƙwallon kwando a zamaninsa, amma a hannun mahaifiyarsa yaron ya tashi. Yana ɗan shekara 15 ya shiga makarantar horar da yara ta ƙungiyar Cholet. A 2013 ya shiga jerin sababbin 'yan wasan da ƙungiyoyin NBA ke zaɓa duk shekara. Tsawonsa mita 2.16, in ya buɗe hannayensa biyu sun haura mita 2.3, amma duk da haka sai da aka ɗauki mutum 26 kafin a waiwaye shi. Ƙungiyar Denver da ta zaɓe shi ma ba ta kwana da shi ba, a daren ta miƙa shi ga Utah Jazz ta karɓi wani yaro da 'yan kuɗi. Lamba 27 da kuke gani a rigarsa har yau, daga nan ta samo asali. Wato ya rataya rainin a ƙirjinsa don kada ya manta.

Shekararsa ta farko a benci ya ƙare ta, har ƙaramar gasa aka riƙa tura shi. Sai a 2014 duniya ta fara jin ɗuriyarsa, a gasar kofin duniya da aka yi a Sifaniya. Masu masaukin baƙi suna da 'yan uwan nan biyu, Pau da Marc Gasol, kowa ya gama ba su tikitin wasan ƙarshe. Faransa kuwa ta zo babu Tony Parker. A birnin Madrid, a gaban mutanensu, Faransa ta fitar da su da ci 65 da 52 a zagayen kwata fainal, kuma wannan siririn yaro ɗan shekara 22 ne ya tsaya a ƙarƙashin kwando ya hana manya sakat.

Daga nan abin ya miƙe. A NBA akwai kyautar gwarzon mai tsaron baya na shekara. Gobert ya ɗauke ta a 2018, ya maimaita a 2019, ya sake a 2021, ya ƙara a 2024. Sau huɗu ke nan. Kafin shi mutum biyu kacal suka taɓa yin haka: Ben Wallace, da marigayi Dikembe Mutombo ɗan Kwango wanda ya rasu a 2024. Hakeem Olajuwon namu, wanda ba na haɗa shi da kowa a wannan wasa, sau biyu ya ɗauke ta. Ban ce Gobert ya kamo ƙafar Hakeem ba fa, ko kusa. Hakeem ya iya tsaro ya iya ci, ya ɗauki kofi biyu a 1994 da 1995. Ina so ne kawai ku ga irin sahun da sunan mutumin yake ciki.

A rigar ƙasarsa ma haka. A kofin duniya na 2019 a Sin, Faransa ta kori Amurka da ci 89 da 79, Gobert ya ci maki 21, ya kwaso ƙwallo 16 daga cikin waɗanda suka bugi kwando suka dawo. Tagulla biyu a kofin duniya, azurfa a Olamfik ta Tokyo, azurfa a ta Paris.

To me ya sa mutum mai irin wannan tarihi, in an ambace shi, dariya ke fara zuwa?

Bari mu koma ranar. Litinin 9 ga Maris 2020, cutar korona ta fara bazuwa a Amurka, hukumar NBA ta kafa dokar ba da tazara tsakanin 'yan wasa da 'yan jarida. Gobert ya gama amsa tambayoyi, ya miƙe zai fita, sai ya juyo cikin raha ya bi duk makirufo da rikodar da ke kan teburin ya shafa da hannu. Wasa yake yi, a ganinsa an cika zuzuta abin. Bayan kwana biyu, ranar 11 ga Maris, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya, Utah ta je Oklahoma buga wasa. 'Yan kallo sun cika, 'yan wasa sun gama motsa jiki, ana dab da farawa sai aka dakatar. Sakamakon gwajin Gobert ya fito, yana ɗauke da cutar. A daren NBA ta tsayar da gasar baki ɗaya. Washegari aka ji abokin wasansa Donovan Mitchell shi ma ya kamu.

Ba zan kare abin da ya yi ba. Wauta ce, kuma wauta mai haɗari, tun da a lokacin mutane na mutuwa. Shi da kansa ya fito ya ce ya yi sakaci, ba shi da uzuri, ya nemi gafara. Ya ba da gudummawar dala dubu 500, wani kaso ga ma'aikatan wucin gadi na filin wasansu da aikinsu ya tsaya, wani ga iyalan da cutar ta shafa a Utah da Oklahoma, wani ga ƙasarsa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: a wancan makon mu nawa ne muka yarda da korona? A nan Facebook ɗin nan, wane irin barkwanci ne ba mu rubuta ba? Wasunmu har aka ɗage kulle suna rantsuwa babu ita. Laifi tudu ne. Bambancinmu da shi kawai, babu kyamara a kanmu. Kwana ɗaya bayan nasa, Mikel Arteta ya kamu, aka tsayar da Firimiya, babu mai kiransa "mai korona" yau, don shi babu bidiyo. Kuma wa ya san cewa da aka dawo wasa ranar 30 ga Yuli a Orlando, Gobert ne ya jefa ƙwallon farko a kwando, kuma shi ya ci maki biyun ƙarshe da suka ba Utah nasara a wannan dare? Wannan bai yi yawo a waya ba.

Sai dai ba makirufo kaɗai ba ne matsalarsa, don tun kafin 2020 ake raina shi. Asalin matsalar irin aikin da yake yi ne.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, ga yadda abin yake. Mutum biyar-biyar ake bugawa. Ci mafi sauƙi shi ne ɗan wasa ya kutsa har gindin kwando ya ajiye ƙwallo. Aikin Gobert ya tsaya a wannan wuri. Wani lokaci yakan doke ƙwallon a iska, wannan ana ƙirgawa, a 2017 ma shi ya fi kowa yawan yin haka. Amma mafi yawan aikinsa ba a nan yake ba. Ɗan wasa ya zille wa mai tsaronsa, ya taho a guje, ya ɗaga kai ya ga wannan dogon a tsaye, sai ya fasa. Ya juya baya, ko ya miƙa wa wani, ko ya yi jifa daga inda bai so ba. A takardar sakamako babu abin da za a rubuta wa Gobert a nan. Babu bidiyon da za a yanka a saka wa kiɗa. Me za a nuna? Mutum ya yi niyya ya fasa? Amma maki biyu ne aka hana, kuma haka yake yi sau da yawa a kowane dare, shekara fiye da goma. Sauran abokan wasansa huɗu kuma suna samun ƙwarin gwiwar matsa wa nasu mutanen, don sun san ko an wuce su akwai katanga a baya.

Masu kallon ƙwallon ƙafa kun san wannan labari. A 2003 Real Madrid ta saki Claude Makélélé, shi ma Bafaranshe, ya tafi Chelsea, a shekarar da ta kawo David Beckham. Ga Zidane, ga Ronaldo, ga Figo, ga Raúl, wa zai damu da mai ƙwace ƙwallo a tsakiya? Sai da suka yi kaka uku a jere babu kofin La Liga. Kuma tun Cannavaro a 2006 babu ɗan baya da ya sake ɗaukar Ballon d'Or. Van Dijk ya zo dab a 2019, Messi ya sha gabansa. Mu ɗin nan da muke yabon N'Golo Kanté, in aka ce yaro ya zaɓi riga a kasuwa, ta Mbappé zai nuna.

Haka aka yi wa Gobert. A 2018 da 2019 shi ne gwarzon tsaro na gasar gaba ɗaya, amma ba a saka shi cikin wasan taurari na shekara-shekara ba. A 2019 'yan jarida suka tambaye shi, ya fara magana a kan yadda abin ya taɓa mahaifiyarsa, sai hawaye suka ƙwace masa. Nan ma abin dariya aka samu, har Draymond Green na Golden State ya shiga cikin masu zolaya. A 2021 da ya samu shiga, kaftin biyu suka zauna suna zaɓen 'yan wasa kamar yadda muke yi a filin unguwa, shi aka bari na ƙarshe, alhali a lokacin ƙungiyarsa ce ke saman teburin NBA. A 2024 ya sake ɗaukar kyautar tsaro, wasan taurari kuma babu shi. A shekarar ce jaridar The Athletic ta tambayi 'yan wasan NBA a asirce wane ne aka fi kambamawa fiye da iyawarsa, sunansa ya zo na ɗaya. Shaquille O'Neal kuwa ya mayar da sukarsa kamar sana'a, musamman tun da Utah ta ba shi kwantiragin dala miliyan 205 na shekara biyar a ƙarshen 2020.

Yanzu bari in ba masu sukar haƙƙinsu, don ba duka hassada ba ce.

Gobert bai iya nema wa kansa ci ba. Ba ya jifa daga nesa. In ka ba shi ƙwallo ka ce ya san yadda zai yi da mai tsaronsa, ka ɓata lokacinka. Cinsa kusan duk a gindin kwando ne, a cillo masa sama ya danna. Wani lokaci ma ƙwallon sulɓe masa take yi a hannu har ka ji kamar ka fasa talabijin. Kuma an gano lagonsa. A 2021 Utah ta ƙare kaka da nasara 52 cikin wasa 72, ta fi kowa. Da aka zo zagayen fitar da gwani, LA Clippers suka cire dogonsu suka zuba mutum biyar masu jifan nesa. In Gobert ya tsaya gindin kwando, an bar mutum ɗaya shi kaɗai a kusurwa. In ya fita wajensa, kwando ya zama fili. A wasa na shida Utah tana gaba da maki 25 aka farke aka wuce, wani Terance Mann da ba kowa ya san shi ba ya zuba maki 39, aka yi waje da su. Na kalli wasan nan da asuba, kuma har yau ina cewa sauran 'yan Utah da ake wucewa kamar an buɗe ƙofa sun fi shi laifi, amma hoton da ya rage a idon mutane nasa ne, yana ta kai da komo. A 2024 ma haka, a wasan ƙarshe na yankin yamma, Luka Dončić ya ja shi waje ya yi masa rawa ya jefa ƙwallon da ta ci wasan a kan idonsa. Wannan bidiyon kam har wanda bai san ƙwallon kwando ba ya gani.

Halinsa ma ba na waliyyi ba ne. A Afrilun 2023 ya kai wa abokin wasansa Kyle Anderson naushi a gefen fili ana tsakiyar wasa, ƙungiyarsa ta dakatar da shi. Yana da yawan ƙorafi a kan alƙalan wasa, an sha cin tararsa. Akwai wani abu a yanayinsa da ke sa abokan sana'arsa ba sa ɗasawa da shi. Da Draymond Green ya shaƙe masa wuya a Nuwamban 2023 aka dakatar da Draymond wasa biyar, amma ka shiga intanet a ranar ka ga masu murna.

Duk na yarda da wannan. Inda muka rabu da masu sukar shi ne ma'auni. A 2022 Minnesota ta ba da 'yan wasa biyar da damar zaɓen sababbin yara har na shekara huɗu don ta karɓo shi, aka ce ba a taɓa asarar ciniki irin wannan ba. Kakar farko ta yi tsami, gaskiya ne. A ta biyu Minnesota ta zama ƙungiyar da ta fi kowa tsaro a NBA, ta ci wasa 56, ta fitar da Denver mai riƙe da kofi, ta kai wasan ƙarshe na yankin yamma, abin da rabonta da shi tun 2004. A 2025 ta sake kaiwa. A kan hanya suka kori Lakers ta LeBron James da Luka ɗin nan dai, kuma a wasan da aka rufe zancen Gobert ya ci maki 27 ya kwaso ƙwallo 24. Anthony Edwards ne tauraron ƙungiyar, babu musu, kuma ya cancanta. Amma ƙungiyar da ta yi shekara ashirin tana lalube ba ta san hanya ba sai da dogon nan ya zo. In za a ƙirga masa daren Terance Mann, a ƙirga masa wannan ma.

Abin da ya faru a Olamfik ta Paris shi ya fi ba ni mamaki. Da aka zo kwata fainal da Kanada, kocinsu Vincent Collet ya ajiye Gobert a benci, 'yan mintuna kaɗan ya buga, haka ma a wasan Jamus. Mutum mai kyautar tsaro huɗu, a gida, a gaban 'yan ƙasarsa. Ya zauna yana tafa wa abokansa. A wasan ƙarshe da Amurka, wanda Faransa ta sha kashi 98 da 87, Guerschon Yabusele ya tashi sama ya danna ƙwallo a kan LeBron har LeBron ya faɗi ƙasa. Kafin gari ya waye duniya ta san Yabusele, bayan 'yan kwanaki ya bar Real Madrid ya koma NBA wajen Philadelphia. Ba na hana shi, ya buga wasa mai kyau a gasar. Amma ku duba ku gani: ƙasa ɗaya, riga ɗaya, bidiyon 'yan daƙiƙu ya ɗaga wani, bidiyon 'yan daƙiƙu ya danne wani.

Kuma ko a gida Faransa bai taɓa zama na gaban goshi ba. Ya taso a inuwar Tony Parker, mai kofin NBA huɗu da San Antonio, gwarzon wasannin ƙarshe na 2007. Kafin inuwar ta gama janyewa sai ga Victor Wembanyama, wanda San Antonio ɗin dai ta ɗauka na ɗaya a 2023, yaron da tun bai shiga NBA ba ake nuna wasanninsa a Amurka. Wemby ya fi shi tsawo, yana jifan nesa, yana yanka kamar ƙaramin ɗan wasa, tsaron ma ya iya. A shekararsa ta farko shi ya zo na biyu a bayan Gobert a kyautar tsaro. In Allah ya ba yaron nan lafiya zai shafe tarihin mutane da yawa, har da na yayan nasa. Wato Gobert ya faɗo tsakanin sarakuna biyu, wanda ya sauka da wanda za a naɗa.

Ni dai ra'ayina, in aka cire Parker, a cikin Faransawan da suka riga suka yi dogon zango a NBA babu wanda ya kai shi. Ba Boris Diaw ba, duk da kofinsa na 2014, ba Nicolas Batum ba, duk da ina son wasansa. Mutombo da Ben Wallace duk an saka su a zauren karrama gwarazan ƙwallon kwando da ke Springfield, kuma ban ga ta inda za a hana na ukunsu shiga ba, ko da bai taɓa ɗaga kofin NBA ba har ya yi ritaya. Mutombo ma bai ɗaga ba.

Na kira abokin nawa jiya na zayyana masa duk wannan. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To Malam, duk na ji. Amma dai shi ne ya shafa makirufon ko?" Na ce shi ne. Mun yi da shi zai zo gidana mu kalli wasan Minnesota guda ɗaya cikakke, da sharaɗin ba zai bi ƙwallo da ido ba, lamba 27 kawai zai riƙa kallo. Matsalar ita ce wajen ƙarfe biyu na dare ake farawa a agogonmu, kuma da safe akwai ofis. Ya ce sai dai in daren Asabar ne, kuma shayin a wuyana.